Fastar da Ya Ƙi Juyawa

"Tana da kyau."

Almakashin ya suɓuce daga hannun Voula ya faɗi a kan siminti.

"Me ka ce?"

"Na ce... tana da kyau," in ji Kieran, idonsa a kan fastar tallar wasan kiɗa da ta shanya a igiya, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

Ƙarƙashin gidan, inda muke buga fastoci tsakanin dirkoki da tsofaffin tayoyi, ya yi tsit. Noel mai ganga yana zaune a kan bokitin fenti yana shan mangwaro, sai ya tsaya da ƙwallon a baki. Rhonda kuwa, abokiyar gasar Voula a harkar fasta, ta yi murmushin wadda aka yi wa kyautar da ba ta roƙa ba.

"Haba Kieran! A gaban mutane?" in ji Noel. "Me ta yi maka?"

A birnin Brisbane a 1979, a cikinmu 'yan fank, babu zagin da ya kai wannan. Mu ne yaran da suka yanke hukuncin cewa duk abin da iyayenmu ke kira kyau ƙarya ce da aka shafa wa hoda. Muka yayyaga riguna muka kama su da fil, muka tsayar da gashi da sabulu, muka kafa ƙungiyoyin kiɗa kafin mu koyi kiɗan. Fastocinmu kuwa haruffa ne da muke yankowa daga jaridu, kowane da girmansa, kowane ya fuskanci inda ya ga dama, a kan baƙi da ruwan hoda mai kashe ido. In aikinka ya burge mutum sai ya ce, "Shara!" In ya burge shi ƙwarai ya ce, "Wannan abin amai ne." Kyau kuwa labulen falon gwaggonka ake faɗa wa.

Mun yi watsi da dokokin duniya kaf, muka kafa namu, suka fi na duniyar tsauri.

Voula ta sunkuya ta ɗauki almakashinta. Ba ta yi kuka a wurin ba, domin kwallin da ta ja tun daga ido har kusa da kunne ya ci mata lokaci.

"Na gode, Kieran Tully. Allah ya haɗa ka da mai faɗa maka irinta."

"Voula, tsaya mana... ba abin da nake nufi ke nan ba..."

"To me kake nufi?"

Ya dubi Rhonda, ya dubi Noel.

Ta naɗe fasta ɗaya a hammata ta fice.

Da wannan ne karo na farko, da ta haƙura. Amma maganar a kan tsohon miki ta sauka.

Kieran ne mai liƙa fastocin ƙungiyoyinmu duka. Dogo ne siriri, fil a kunnen hagu, bokitin gam ɗin fulawa a hannu, kuma abu ɗaya ya fito da sunansa a gari: ba ya liƙa fasta yadda mai ita ya yi ta. Wata kai ƙasa, wata a kwance ta gefe. Wata jaridar ɗalibai ta yi doguwar maƙala a kansa, ta ce yana kifar da tsarin jari-hujja ne daga bangon tashar jirgin ƙasa. Kieran bai ce uffan ba, shirun kuma ya ƙara masa ƙima. Har ta kai in ya juya fastarka kai ƙasa, ka zama wani abu a garin.

Ta Rhonda ya juya ta ba adadi.

Ta Voula kuwa a tsaye. Kullum a tsaye, kai sama, sambal, kamar sanarwar asibiti.

Me ya sa?

Tambayar nan ta fi ciwon kansa damunta. Ta gwada komai. Ta watsa wa fasta tawada, ta tattake ta da takalmi, ta yanka haruffa da hannun hagu ido a rufe. Washegari ta je ta tarar da ita a bango a miƙe, ko kusurwa ɗaya ba ta karkace ba. Abin da ya fi ɗaure mata kai, wannan mutumin ne dai ke rage mata rabin soyayyen dankalinsa, ya raka ta har bakin gada, ya kira ta "Ƙazamata" da wata murya mai taushi. Mai sonka ba ya wulaƙanta aikinka a bango. Mai ƙinka ba ya rage maka dankali. To shi wanne ne?

Ko dai ya gano ne?

Domin Voula tana da abin ɓoyewa: ta iya zane. Ba kaɗan ba. Babanta, Manolis Petrakis, ɗaya daga cikin Girkawan garin, shi ke rubuta sunayen shagunan unguwar West End, kuma tun kafin ta yi famfara ya damƙa mata buroshi. Tana jan layi miƙaƙƙe ba rula. Tana manna zinariya a gilashi, wadda ta fi ɓawon albasa laushi, ba ta yage ba. Duk karkacewar da ke fastocinta aunawa take yi. Mu sauran mukan yi mummunan aiki ba wahala, baiwa ce Allah ya ba mu. Ita sai ta yi gumi.

Ta tarar da baban nata a baranda yana wanke buroshi da kananzir, gahawarsa na hucewa a gefe. Ya zare fastar daga hammatarta ba neman izini, ya ɗaga ta nesa da ido.

"Shara," ya ce.

"Na gode, Baba."

"Ba yabonki nake yi ba, Stavroula!" ya ce, yana kiran cikakken sunanta.

"Na sani. Shi ya sa ya fi daɗi."

Ya ƙara dubawa, ya ɗan karkata kai, ya yi ƙwafa.

"Amma ke maƙaryaciya ce, 'yata. Kin karkata haruffa kamar waɗanda suka sha duka, amma dubi iskar da ke tsakaninsu. Daidai take. Wannan tazarar tawa ce. Ido yana tafiya a kanta ba tuntuɓe."

"Baba, rage murya..."

"A gidana? Wa zai ji, jemagun kan mangwaro?" Ya leƙa fuskarta, inda kwallin ya yi hanya biyu zuwa haɓa. "Yaron nan mai fil a kunne ne, ko? Na ga aikinsa a bango. Mutumin da bai san sama da ƙasa ba, shi zan ba 'yata? Ranar aure a yatsan ƙafa zai sa miki zobe."

"Wa ya yi maganar aure?"

"Fuskarki."

A ƙetaren kogi, gidan su Kieran, ma ba ta canja zane ba. Uwar Kieran ta riga ta sanar da maƙwabta cewa ita ba ta da matsala da Girkawa ko kaɗan, wanda shi ne abin da mutum ke faɗi kafin ya fara jero matsalolin.

"Ran Asabar ke za ki yi gilashin mahaucin kan kwana," in ji Manolis. "Gwiwata ta ƙi tsani."

"Baba, a kan babban titi ne fa! Za a gan ni!"

"To don me ake rubuta sunan shago?"

Ran Asabar Voula ta wanke fuska tas, ta kwantar da gashi ta ɗaure da ɗankwali, ta zura tsohuwar rigar aikin babanta. A tunaninta ba wanda zai gane ta. Ba ta san cewa gwaggon Rhonda tana zaune a benen da ke kallon shagon ba, kuma Rhonda ta sha ganin wata yarinya mai kama da Voula a kan tsani ta ajiye abin a ranta kamar mai adana wuƙa.

Da hantsi Rhonda ta shaida wa jama'a cewa mahaucin kan kwana yana rabon gasasshen nama kyauta. Masu adawa da jari-hujja ba sa wasa da irin wannan labari. Suka ɗunguma.

Voula tana lanƙwasa wutsiyar harafin ƙarshe sai ta ji muryar Rhonda daga ƙasa.

"Jama'a, ku ɗaga kai ku ga ikon Allah!"

Buroshin ya tsaya a iska.

"Zinariya, 'yan uwa!" in ji Rhonda. "Zinariya ta gaske, da lanƙwasa da wutsiyoyi kamar katin bikin 'yar gwamna! Sauko mana, ƙawata, mu gaisa."

Noel ya kare rana da hannu ya daɗe yana kallo.

"Voula... ke ce? Ina idanunki suka tafi?"

"Suna nan, Noel. Kwalli ne babu."

Ya dubi gilashin, ya dube ta, muryarsa ta yi laushi kamar ta mai dubiya a asibiti.

"Tun yaushe kike fama da shi?"

"Tun ina ƙarama."

"Ayya... Kuma ba ki taɓa faɗa wa kowa ba?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka kau da kai saboda kunya. Rhonda ta saƙala hannunta a na Kieran.

"Ashe kai ka daɗe da ganewa, ɗan ƙazamina. Shi ya sa ba ka taɓa juya fastarta ba. Ka san ta bogi ce! Zo mu tafi, warin fentin masu kuɗi yana hawa min kai."

Voula ta rufe ido tana jiran ƙarar takalminsa.

Ba ta ji ba.

Da ta buɗe, yana nan tsaye, kansa a sama, idonsa a gilashin. Leɓɓansa suna motsi a hankali kamar mai addu'a.

"Kieran!" in ji Rhonda tana jan hannunsa.

"Je ki, Rhonda. Karatu nake yi."

Rhonda ta yi dariya, ta jira ya taya ta, bai taya ta ba. Ta saki hannunsa ta yi gaba tana buga ƙafa. Sauran suka shige shagon neman naman da babu shi.

Voula ta sauko daga tsanin tana riƙe da buroshi kamar makami.

"Ka gama kallon abin kunyar tawa?"

"Voula..."

"Na san mun rabu, ba sai ka faɗa ba. Amma ba za ka tafi da amsata ba. Na yi wata da watanni ina bin bangayen garin nan kamar mai binciken kisan kai. Me ya sa, Kieran? Me ya sa kowa ka juya shi, ni ka bar ni a tsaye? Yaya aka yi ka gane?"

"Ban gane komai ba."

"Ƙarya!"

"Zo ki gani."

Ya ja ta zuwa lungun bayan shagon, inda fastoci suka hau kan juna kamar ɓawon kifi. Ya nuna wata ta Rhonda da ke kai ƙasa.

"Me aka rubuta a nan?"

Ta karkata wuya ta karanta masa sunan ƙungiyar da ranar wasan.

"To," ya ce. "Yau na sani."

"Ban gane ba..."

"Haruffa ba sa tsaya min, Voula. Tun ina makaranta. In na dube su sai su yi ta musayar wuri kamar yara a layin abinci. Malamai sun yi duka sun gaji, suka mai da ni kujerar baya." Ya sosa kunnen mai fil. "Ranar da aka fara ba ni fasta in liƙa, babu hoto a jikinta, haruffan kowane ya kama gabansa. Na jujjuya ta, na rasa ina ne sama. Na yi canke na manna. Washegari aka ɗaga ni a kafaɗa."

Ta zuba masa ido, baki buɗe.

"Tsarin jari-hujjar fa?"

"Ban san shi ba. Noel ne ya karanta min jaridar, na yi ta gyaɗa kai."

"Me ya hana ka faɗi gaskiya?"

"Karon farko ke nan a rayuwata da aka ce ina da basira. Ke da za ki faɗa?"

Ta dubi zinariyar da ta manne a yatsunta.

"To... tawa fa?" ta ce a hankali.

Ya matsa gaba kaɗan, ya ɗora tafin hannu a kan wata tsohuwar fastarta da rana ta cinye wa launi.

"Naki haruffan suna tsayawa. Ban san dalili ba. Sun karkace, sun yi kamar za su faɗi, amma ba sa gudu... sai su jira ni. Ranar da na fara ɗaukar taki, na tsaya a tsakiyar titi na karanta ta daga farko har ƙarshe, ni kaɗai, ba wanda ya taimake ni. Har mai mota ya zage ni." Ya juyo ya dube ta. "Yaya zan juya abin da na iya karantawa?"

Iskar da ke tsakaninsu, in ji babanta. Abin da ta yi ta ɓoyewa da tawada da takalmi, shi ne kaɗai abin da ya gani.

"Ran nan da na ce tana da kyau," ya ci gaba, "wallahi na nemi wata kalma. Na san shara ya kamata in ce. Bakina ne ya ƙi."

Wannan karon ta yi kukanta a sake, tunda babu kwallin da zai lalace.

"Mummunan banza kawai..."

"Ƙazamata."

"A'a. Faɗi ɗayar."

"Kina da kyau."

"Ƙara... amma a hankali, kada Noel ya ji."

Ran Lahadi Kieran ya je gidan Petrakis da rigar da ta fi sauran ƙarancin yagewa. Manolis ya bar shi a tsaye a baranda har gahawa ta ƙare, sannan ya ce:

"To, samari, me kake da shi ban da bokiti?"

"Babu, ranka ya daɗe. Kuma gara ka ji daga bakina: ban iya karatu sosai ba. Fastocin nan da ka ga ina juyawa, ba fasaha ba ce. Ban san samansu ba ne."

"Kieran!" in ji Voula daga bakin ƙofa.

"Sai rubutun 'yarka kaɗai. Shi nake iya karantawa."

Tsohon ya ajiye kofi. Ya daɗe yana kallon yaron, har Voula ta fara tunanin ta inda za su gudu. Sai ya yi gyaran murya.

"Lokacin da na sauka daga jirgin ruwa a ƙasar nan, ko gaisuwa ban iya da Turanci ba. Amma ina da hannu. Mai shago ya rubuta min abin da yake so a takarda, ni kuma in kwafe siffar kamar mai zana tsuntsu. Aikina na farko na wani mai kifi ne. Na kwafe duk abin da ke takardar, ban bar ko ɗigo ba. Ka san abin da allon ya ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Sabon Kifi Kullum Ka Rubuta Da Ja."

Voula ta toshe baki.

"Kuma da shuɗi na rubuta," in ji Manolis.

"Baba! Ba ka taɓa faɗa min ba!"

"Ke kin faɗa wa abokanki kin iya riƙe buroshi? Mutane suka riƙa zuwa daga nesa don su ga allon, mai kifin ya hana a gyara har ya mutu." Ya nuna Kieran da yatsa. "Na ɗauka rainin hankali ne ke sa ka juya aikin mutane. Wannan ba zan yafe ba. Rashin sani kuwa, ni da shi mun daɗe da sabawa. Gobe ka zo ka riƙe min tsani. Kuma ka cire fil ɗin nan."

"Fil ɗin zai zauna, Baba," in ji Voula.

"To ka riƙa tsayawa ta ɓangaren da ba na ganinsa."

Jama'armu ma ba su daɗe da fushi ba. Noel ya yanke hukuncin cewa yaudarar gari guda tsawon wannan lokaci shi ne aikin fank mafi girma da aka taɓa yi a Brisbane, aka amince ba gardama. Rhonda ta koma liƙa fastocinta da kanta, kai ƙasa, amma kowa ya ce ana ganin ƙoƙari a ciki, wanda a wurinmu ya kusa da kyau wajen muni. Uwar Kieran ta zo ganin gida da niyyar samun abin ƙi, ta ci baklawa, kayan zaƙin Girkawa, ta nemi ƙari, ta tafi da wata a jaka.

Voula ce ta yi fastar bikin. Ta yanko haruffan daga jaridu kamar kullum, babanta ya zagaye su da zinariya yana gunaguni, aka ba ango ya liƙa.

Da safiyar ɗaurin auren, motar amarya ta karyo kwanar coci, sai Voula ta dafa kafaɗar direba.

"Tsaya! Tsaya nan!"

Ta fito da farar rigarta da baƙin takalmin sojanta. A bangon da ke fuskantar cocin ga fastar nan, gam ɗin ko bushewa bai yi ba.

Kai ƙasa.

Kieran yana tsaye a gefenta cikin kwat ɗin aro, fulawa a hannun rigar.

"Ka karanta ta?" ta ce.

"Kowane harafi, masoyiyata. Na san samanta sarai. Sannan na juya ta."

Kwallin da aka ɓata safiya ana ja ya kama hanyar haɓa.

Manolis ya fito daga motar yana ɗingishi, ya tsaya a gaban bangon. Ya dubi zinariyarsa ƙafa a sama. Ya karkata kai, ya ƙara karkatawa har hularsa ta faɗi, yana duba ko tazarar tana nan.

Tana nan.

"Shara!" ya ce.

"Mun gode, Baba," suka amsa baki ɗaya.